Hanyar da Na Ɗauke Daga Kan Tafki

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani Direba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mana, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarsa. Shekara uku ke nan da rasuwarka, amma yau na rasa wanda zan kai wa wannan magana sai kai.

Na gama digirina na ilimin taswira a watan Yuli. Ina zaune wurin Yaya Bilki a unguwar Plumstead, nan ƙasar waje, ina neman aiki. Don kada hannuna ya mutu, na shiga wata taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, na ɗauki hanyoyin babur ɗin ƙanƙara na arewacin Sweden. Baba, babur ne marar taya, sulɓi yake yi a kan dusar ƙanƙara. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Aikina kawai in sa wa kowace hanya alama: ta babur ce, ta lokacin sanyi ce.

Sai na tarar da wata hanya ta ratsa tsakiyar tafki, kilomita huɗu da 'yan kai. Sau uku na duba hoton tauraron ɗan'adam. Ruwa ne shuɗi, ba gada, ba tsibiri. Na ce wani ne ya yi kuskure. Na janye hanyar, na kwantar da ita a gefen gaɓa, har na rubuta a ƙasa cewa na gyara.

Bayan kwana tara wata mata ta can ta aiko mini da saƙo. Ashe a lokacin zafi aka ɗauki hoton. Da sanyi tafkin daskarewa yake yi, mutanen wurin su auna kaurin ƙanƙara, su kakkafa sanduna, a bi ta kai. Layin da na zana kuma ya bi ta bakin wani rafi, inda ruwa ke gudu a ƙasa, ƙanƙarar ba ta ƙwari. Ko faɗa ba ta yi mini ba. Da ma ta yi.

Cikin minti shida na mayar da hanyar. Amma wayoyi suna kwafar taswirar nan. Duk wanda ya sauke ta a waɗannan kwanaki tara, layina yana aljihunsa. Matar ta ce 'yan gari sanduna suke bi. Baƙi fa? Ta ce ba ta sani ba.

Ina cikin bas zuwa Woolwich na tuna gulbin garinmu. Da rani kakan gangara da a-kori-kura cikin yashinsa mu tsallaka kasuwar Laraba, da damina kuma nan ɗin dai sai kwalekwale. Tun ina goye na san hanyar da kan zo da rani ta tafi da damina. Ya aka yi na manta?

Shekara ashirin kana tsallaka wurin, amma ba ka taɓa shiga ba sai ka leƙo ta taga ka tambayi masu ɗiban yashi ina ne da ƙarfi yau. In na ƙosa sai ka ce, “Hauwa, ido ba ya taka ƙasa.”

To ni ban san inda na tsaya ba, Baba. Duk abin da aka koya mini na yi. Na duba, na sake dubawa. Yaya Bilki ta ce in yi delete ɗin komai in huta, wai me ya haɗa 'yar Direba da ƙanƙara. Matar kuwa ta turo mini hanyoyi bakwai da ta bi da kanta, wai in sa musu alama, in tambaye ta duk inda na yi shakka. Kullum sai na buɗe, in kalla, in rufe.

Babana, Allah Ya haskaka kabarinka. Shi kuma bawan Allah da ke ɗauke da layina a wayarsa, wanda ban san sunansa ba, ban ma san ko akwai shi ba, Allah Ya sa idonsa ya faɗa kan sanda kafin ya faɗa kan waya. Amin.

'Yarka mai zama kusa da taga,
Hauwa'u