Duwatsun Habibu

Daren Talata, Daura

Wanda ya buɗe littafin nan ba izinina, ya ji tsoron Allah.

Na tarar da ɗana Habibu da tsohon ogansa na sojan sama a zaure suna jera duwatsu. Na ce, "Dara, da gemunka, ga jarrabawar aikin ba jirage izinin sauka a filin jirgin farar hula ta matso?"

Ogan ya ce, "Hajiya, jirage ne. A soja matuƙi ɗaya yake saukarwa. A farar hula kuwa wannan dutsen cike yake da alhazai."

Na tsaya ina kallon ɗana yana ba kowane dutse izinin sauka, muryarsa ko rawa ba ta yi. Allah mai iko.

Daga gobe ba mai share zauren nan, ba mai aikensa, har ni.