Maganar Gindin Tsamiya

Yelwa, Jihar Sakkwato
Watan Rajab, 1984

Zuwa ga uwargidana Dudu, a gidan Yaya Maliki, Shanga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Maliki da iyalinsa da shanu baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Ni lafiyata ƙalau, in wani ya ce miki na rame ƙarya yake yi.

Malam Umaru mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ne ke rubuta wagga takarda, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

Dudu, abin da kika yi bai dace ba. Mace mai jika matar aure ta ɗaure ƙunshi ta yi yaji saboda kaset! Ni na hana Basiru aiko wa jikarmu Jamilatu da kaset daga Sakkwato? Mijinta ne, aiki ya raba su, ya yi ta surutunsa. Amma wa ya ce ku tara matan tunga a tsakar gidana ku kunna? Ina gyaran koma a zaure na ji shi, yaro ba kunya, yana ina sonki da Hausa, ya koma Turanci, ya ƙara da na Indiya da ya kwaso a silima. Mata suna guɗa. Sai ga muryarki a sama da ta kowa, wai mijinki yana cinikin kifi da Gunganci da Hausa da Kambarci da Nufanci, yana zagin yara da duka huɗun, amma shekara arba'in bai taɓa ce miki yana sonki da ko ɗaya ba. Har kina cewa ba za ki dawo ba sai na faɗa.

To na faɗa. Ni ba a yi mini gardama a kan abin da ya wuce. Kowa a gaɓar nan ya san in ana neman sunan wani kabari ko iyakar wata gona da ruwan Kainji ya cinye, wurina ake zuwa. Na faɗa miki a gungunmu, tsibirin nan da ruwa ya cinye, gindin tsamiyar kwata, shekarar da na ƙetare da shanun babanku ana tsoron ruwa. Kin kawo mana nono, kin ajiye ƙwarya, na dube ki na faɗa da Gunganci. Ba laifina ba ne da a lokacin ba ki jin komai sai Fillanci. Kuma ba laifina ba ne da kika ƙi koyon yarenmu har yau, kina cewa ya yi kama da kukan agwagi.

Wanda bai son mace, shi ne zai bar wa ruwa turmin uwarsa ya ɗauko duwatsun murhun matar tasa ranar da aka kwashe mu daga gungu? Wa ke cire miki ƙaya a kifi tun da idonki ya yi rauni?

Azumi na gabatowa. Ki dawo gidanki. Jamilatu tana ƙoƙari, amma furarta ruwa ce.

Ki gaida kowa da kowa.
Ni ne mijinki, Arzika.

Yelwa
Farkon Sha'aban

Zuwa ga Dudu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Allah Ya sa gwiwar ta yi sauƙi. Na aiko da man da kike shafawa ta hannun Ladi mai kifi, kin manta shi a bayan randa.

Ladi ta kawo mini amsarki. Wai maganar da mai ita bai ji ba ba a faɗe ta ba, wai shaidata tsamiya ce kuma tana ƙarƙashin ruwa. Wai in na ga dama in sa Malam Umaru ya rubuta a takarda. Dudu, kin yi tunani kuwa? In na faɗa nan, Malam Umaru ne zai fara ji, ga shi yanzu ma yana murmushi. In takarda ta iso Shanga, Ɗangana malamin asibiti ne zai karanta miki. Wato wani ƙato ya buɗe baki ya dubi matata ya ce yana sonta, ni na biya kuɗin mota! Ko bayan raina ban yarda ba.

Kuma ki ji abin da kika jawo mini. Na ce tun da Gunganci bai yi miki ba, bari in nemo wanda zai yi. Ranar kasuwa na bi mutane. Bakambaren da nake sayen gero wurinsa ya ce shi noma ya yi wa surukinsa har bayansa ya lanƙwashe, in wannan bai ishe ta ba ta je ta tambayi gonar. Banufen da ke ɗinkin taru ya faɗa mini nasu, amma sai da ya kira maƙwabtansa su zo su ga tsoho. Ibo mai kayan inji ya faɗa mini nasu har sau uku, ya ƙara da na Turanci kyauta, ya ce in na kawo Madam zai ɗauke mu hoto. Kafin azahar duk kwatar Yelwa ta ɗauka. Yanzu in na sauke albasa, 'yan dako sai su ce ga Baba Ango ya iso. Ni da ake tashi a ba ni wuri!

Daga ƙarshe na tafi kara, na sami wani dattijo cikin mutanenku, sa'ana, yana jingine da sanda. Na ja shi gefe na tambaye shi. Ya dubi ƙasa, sannan ya faɗa a hankali kamar mai gaya mini inda ya ɓoye sata. Na ce shi ya taɓa faɗa wa tasa? Ya ce subhanallahi, shekara hamsin ko sunanta bai kama ba. Kin ji. Naku ma ba su faɗa. Babanku bai faɗa wa Innarku ba, Yaya Maliki bai faɗa wa tasa ba, sai ni Bagunge aka raina.

Duk da haka na riƙe maganar da dattijon ya koya mini. Ina maimaita ta a jirgi in ba kowa kusa. Ba don kin yi gaskiya ba, don gidan ya yi shiru ne, kuma na gaji da cire ƙaya in waiga in ga ba wanda zan miƙa wa. Ranar Laraba in Allah Ya kai mu zan zo da kaina. Ki ɗaure kayanki.

Ki gaida Yaya Maliki, ki ce masa ban ji daɗin yadda ya zuba ido ba.
Mijinki, Arzika.

Yelwa
Ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga ɗiyata Halimatu, a Birnin Kabi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan kuna lafiya. Ɗiyarki Jamilatu tana nan ƙalau. Na san labarin yajin Innarku ya iso miki ta bakin mutane, shi ya sa na ce ki ji daga bakina, don ki san irin uwar da Allah Ya ba ki.

Na ɗauki jirgi na haura Shanga. Na same ta a tsakar gida tana burga nono, ga kawunki Maliki, ga matansa, ga surukai. Ban zauna ba, ban sha ruwa ba. Na tsaya na faɗa mata maganar son da Fillanci, mi yiɗi ma, da ƙarfi yadda nake kiran jirgi daga ƙetare. Kawunki ya tashi ya shige garke kamar an ce wuta. Matan suka rufe fuska. Ita kuwa da ta tayar da fitinar, ta jefar da maburgi, ta ce na kunyata ta a gaban yayanta, wane marar ta-ido ne ya koya mini, ba za ta ƙara iya haɗa ido da kowa a Shanga ba. Kafin in ce wani abu ta ɗauko ƙunshinta, ashe a ɗaure yake, ta riga ni zuwa kwata.

Tun daga Shanga har muka wuce Yelwa muka nufi tungarmu faɗa take yi. Ruwa ya ja baya sosai bana, kin san in ya yi haka kan tsamiyar gungunmu na fitowa, busassun rassa masu yaga taru. Kullum in na zo wurin nakan kashe inji in yi wa iyayena addu'a. Na kashe. Na shafa. Ina shirin tayarwa sai na ji Gunganci a bayana.

Halimatu, Innarku ce. Matar da ta ce yarenmu kukan agwagi ne. Ta maido mini maganar da na faɗa mata a gindin tsamiyar nan, ba ta bar ko kalma ɗaya ba, har da inda na yi in'ina. Ta ce ranar ta haddace ta kamar waƙa ba ta san ma'anarta ba, ta riƙe ta har aka kawo ta gidanmu, ta faɗa wa kakarki tana tambaya, tsohuwa ta yi dariya har ta riƙe ciki sannan ta fassara mata. Ta ce kuma ba shanun babansu na ƙetare da su ba rannan, na baffanta ne. Na yi tunani, na ga haka ne.

Wato ta sani! Shekara arba'in ta sani, ta bar ni na bi kasuwa ina bara wurin Nufawa da Ibo, 'yan dako na yi mini suna. Na tambaye ta dalili. Ta ce tana ji ina ba baƙi labarin gungu, ina lissafa kowace rijiya da kowane kabari da kowane ɗan kokawa, ban taɓa sako wannan ranar ba. Ta ɗauka ita ma ruwa ya cinye ta. Sai inji ya ƙi tashi, na daɗe sunkuye a kansa.

Ban yafe ba tukuna, ki gaya mata in kin zo. Tun da muka dawo na daina yi mata Hausa, Gunganci kawai nake yi mata tun da ashe kunnenta ƙalau. Tana amsa mini da Fillanci. Jamilatu ta ce ita ta rasa gane gidan. Furar dai ta dawo daidai, kuma za mu ɗauki azumi tare.

Ki aika wa Basiru, in ya sake turo kaset gidana tafki zan jefa shi.

Malam Umaru ya ajiye alƙalami, wai sai na gaya masa abin da na ce a gindin tsamiyar don takarda ta cika. Na ce ya rufe ambulan. Mai ita ta ji.

Allah Ya yi muku albarka.
Ni ne babanki, Arzika.