Rashin Uwargida Glenys Harrigan, Babbar Abokiyar Hamayyarmu

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Mai kowa mai komai, Kulob ɗin Kurket na Tindal Flat, a madadin Uban Ƙungiya, Dattijo Kawu Clarrie Tolliver, da Mai girma Shugaban Kulob, da Kwamitin Amintattu, da 'yan wasa manya da ƙanana, da ɗaukacin magoya baya, yana sanar da samun labarin rasuwar Uwargida Glenys Harrigan, Shugabar Magoya Bayan Kulob ɗin Marrabin Hill kuma mamba ta dindindin a cikinsa, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta gabata a gidanta, tana da shekara sittin da huɗu, bayan doguwar jinya.

Wanda ba ɗan gundumar nan ba ne zai iya mamakin ganin wannan saƙo ya fito daga gare mu, domin tun zamanin kakanni babu abokan hamayya a gefen kogin Bremer kamar mu da Marrabin Hill, su a kan tudu, mu a fadama, kuma a cikin shekara hamsin da suka wuce babu muryar da ta hana 'yan wasanmu sakat kamar ta marigayiya. Takan zo da kujerarta mai naɗewa da akwatin ƙanƙara, ta kafa su a ƙarƙashin ɓauren da ke gabas da fili, daga nan kuma sai wanda Allah ya kiyaye. Ta san sunan kowane yaro a cikinmu, ta san sunan uwarsa, ta san ƙwallon da yake tsoro. Mai sa hannu a wannan takarda, ranar da ya fara buga wa babbar tawaga yana ɗan shekara sha bakwai, bai gama gyara tsayuwa ba ya ji ta daga bakin fili tana ce masa kada ya wahalar da kansa ɗaura safar hannu, tunda yanzu zai koma. Ƙwallo na biyu ya fitar da shi. A hutun shayi ita ce ta miƙo masa kek ɗin lamington a faranti, ta ce ya daina ɗaga kai kafin ya buga, kuma kada ya kuskura ya faɗa wa kowa daga bakinta ya ji.

Ko mijinta, Mista Ross Harrigan, wanda ya shafe shekara ashirin yana cafke mana ƙwallo a bayan turakun da mai bugu ke karewa, bai samu rangwame ba. Ta aure shi bisa sharaɗin ba za ta sauya kulob ba, shi ma ya ƙi sauya nasa, saboda haka duk ranar karawarmu a mota biyu suke fitowa daga gida ɗaya. Idan ƙwallo ya suɓuce masa, duk filin sai ya ji ta tana shaida wa jama'a cewa haka yake yi wa kwanukanta. Lokaci ɗaya tak ake ganin marigayiya zaune a tsakiyarmu cikin lumana, wato idan Ostareliya na karawa da Ingila. A irin wannan mako takan sauko ɗakin taronmu ta zauna gaban talabijin, ta ce an tsagaita wuta sai Turawan Ingila sun koma gida, kuma da an gama wasan ƙarshe take naɗe kujerarta ta tuna mana matsayinmu a teburin gasa.

Uban Ƙungiyarmu, Kawu Clarrie Tolliver, wanda yanzu ya haura tamanin, ya nemi a sa wani labari a cikin wannan saƙo, kuma iyalan marigayiya sun amince. A hunturun shekarar 1971, tawagar rugby ta Afirka ta Kudu, wadda aka zaɓo daga fararen fata zalla, ta iso Brisbane, gwamnatin jiha kuma ta kafa dokar ta-ɓaci saboda masu zanga-zanga. Mahaifin Glenys, marigayi Mista Vince Doolan, ma'aikacin gyaran jirgin ƙasa ne a Ipswich kuma kyaftin ɗin Marrabin Hill. Kawu Clarrie kuwa shi ne mai jefa ƙwallon da ya fi kowa gudu a tawagarmu, ɗan jinsin mutanen asali da ke ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, kuma a wancan zamani akwai ɗakunan shan shayi a filayen gundumar nan da ba a barinsa ya shiga. A fili Mista Doolan ba ya raga masa ko kaɗan, amma idan an tafi hutu yakan ɗauko kofi biyu ya fito waje su sha tare a gindin bishiya. Glenys tana da shekara goma a lokacin, kuma ta riga ta yi suna wajen bin Kawu Clarrie da ihun zargin da ya fi kowanne ciwo ga mai jefa ƙwallo, wai yana lanƙwasa gwiwar hannu, jifan haram yake yi.

Ranar da aka taru a gaban otal ɗin da baƙin suka sauka, Mista Doolan ya hau jirgi zuwa Brisbane da 'yarsa, domin mahaifiyarta na wurin aiki kuma babu wanda zai bar mata. Ya ɗauka tsayuwa za a yi da kwalaye a watse. Da magariba ta kawo jiki sai 'yan sanda suka tarwatsa taron, mutane suka ruga cikin lambun da ke gangare suna faɗuwa a kan juna, hannun yarinyar ya kuɓuce daga rigar mahaifinta. Kawu Clarrie yana cikin masu gudun, kuma ya san sarai cewa idan aka kama irinsa, abin da zai same shi ba zai yi daidai da na ɗaliban jami'ar da ke cikin taron ba. Duk da haka da ya hango yarinya durƙushe a gindin wata bishiya ba takalmi a ƙafa ɗaya, sai ya juyo ya saɓa ta a kafaɗa ya ci gaba da gudu. Da suka fita titi ya tsaya yana haki, ya tambaye ta ko ta gane shi, don kada ta ji tsoro. Ta share hawaye ta dube shi.

"Na gane ka mana," in ji ta. "Kai ne mai jifan haram na Tindal Flat."

Kawu ya ce dariyar da ta kama shi saura kaɗan ta sa ya yar da ita. A tashar jirgi suka iske Mista Doolan yana zagaye kamar zautacce, gira a fashe, yana tambayar duk wanda ya gani. Ya karɓi 'yarsa ya rungume ta, sai da suka kusa Ipswich ya yi wa Kawu godiya.

Watanni kaɗan bayan haka aka soke ziyarar da tawagar kurket ta Afirka ta Kudu za ta kawo a bazarar. Mahaifinta ya daɗe da yi mata alkawarin kai ta filin Gabba ta ga waɗannan mashahuran masu bugu da idonta, don haka ta ɗora masa laifin gaba ɗaya, tunda yana cikin masu zanga-zangar da suka jawo sokewar, ta yi kwanaki ba ta yi masa magana. Marigayiya da kanta ta sha ba da labarin yadda ya same ta a bayan gida tana dukan bango da ƙwallo, ya zauna a kan matakala ya ce, "Yi kukanki, Glen, ni ma ina son ganinsu. Amma a ƙasarsu ba za a bar Clarrie ya taka fili ba, balle ki samu wanda za ki yi wa ihu." Ta ce ba a ranar ta huce ba, sai dai maganar ta zauna mata. A shekarar 1992, da aka sake karɓar Afirka ta Kudu a wasannin duniya har ta zo Gabba ta kara da Pakistan a gasar cin kofin duniya, Glenys ta ɗauki mahaifinta, wanda ciwo ya riga ya fara cinsa, ta biya ta ɗauki Kawu Clarrie, ta zaunar da su a gefenta. Kawu ya ce ta rasa ɓangaren da za ta tsokana, sai ta wuni a kan alƙalin wasa. Mista Doolan ya rasu shekara guda bayan nan.

Amma babban dalilin da ya sa wannan kulob ya ga wajibi ne ya yi magana a bainar jama'a shi ne abin da ya faru bayan ambaliyar shekarar 2022. Ruwa ya shanye filinmu har saman allon maki, ya tafi da injin yankan ciyawa da ragar atisaye, ya bar laka zuwa gwiwa a ɗakin taronmu. Ba a jima ba aka kawo shawarar a narkar da Tindal Flat a cikin Marrabin Hill, a bar fadamar ta koma kiwo. Ba mu ga laifin masu shawarar ba, domin a lokacin ba mu da fili, ba mu da kayan wasa, iyaye kuma sun fara kwashe 'ya'yansu. Mutanen tudu da yawa sun yi na'am, tunda za su gaji matasanmu ba tare da sun zubar da gumi ba, kuma mu kanmu mun fara tunanin inda za mu ajiye hotunan magabatanmu na shekara casa'in.

A taron da aka kira don kaɗa ƙuri'a, marigayiya ta miƙe ba a ba ta izini ba. Waɗanda suka halarta sun shaida mana cewa ta fara da tambayar, idan aka haɗiye mu, wa za ta riƙa zagi ranar Asabar, tunda Ross shi kaɗai ba zai ishe ta ba. Da dariya ta lafa sai ta sauya murya, ta ce mahaifinta bai taɓa cin wasa a kan wanda ke kwance ba, ita ma ba a gabanta za a fara ba, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya goyi bayan shawarar ya shirya neman wata da za ta riƙa dafa shayi da wanke fararen kaya da kwasar yara zuwa wasannin waje. Shawarar ta faɗi. A maimakonta aka ba mu aron filinsu kowace Lahadi har kakar wasa biyu. Washegari da safe aka ga marigayiya a fadama da takalmin roba da shebur, ta taho da mutum fiye da ashirin daga kan tudu, kuma haka ta riƙa zuwa har ciyawa ta sake tsirowa. Ko tana kwasar laka ba ta fasa gaya mana cewa ruwan ya yi mana gata ba, tunda ya ba mu uzurin da ba mu da shi a sauran shekaru. A yau muna da tawagogin yara guda biyar, biyu daga ciki na 'yan mata, kuma kowane ɗayansu yana wasa ne a filin da, ba don ita ba, da shanu ke kiwo a kai.

Saboda haka, Kulob ɗin Kurket na Tindal Flat yana miƙa ta'aziyyarsa da godiyarsa ga Mista Ross Harrigan, ɗanmu kuma tsohon ɗan wasanmu, da 'yarsu Uwargida Bronwyn da jikoki, da dangin Doolan baki ɗaya, da Mai girma Shugaban Kulob ɗin Marrabin Hill da kwamitinsa da magoya bayansa, waɗanda rashin ya fi shafa, ko da yake ba mu yarda sun fi mu jin sa da yawa ba. Za a yi jana'iza ranar Juma'a da safe a cocin Katolika na Marrabin, kuma ana roƙon mambobinmu su halarta cikin rigar kulob. Karawarmu da Marrabin Hill ta ranar Asabar tana nan ba a ɗage ba, bisa buƙatar iyalan. Uwargida Bronwyn ta kuma isar mana da wasiyyar mahaifiyarta cewa kada a yi mata shirun minti ɗaya kafin wasa, domin ba ta taɓa yin shiru a filin ba tana raye. Kwamitinmu ya karɓi wannan wasiyya, kuma yana kira ga magoya bayan ɓangarorin biyu su zo da muryoyinsu.

Da tawagarmu ta je gaisuwa gidan, mun iske Mista Ross zaune a baranda, rediyo a kashe a gefensa alhali ana wasa. Ya karɓi gaisuwar kowa da sunansa, ya tambayi lafiyar filin. Da muka tashi tafiya ya rako mu har bakin ƙofa, ya riƙe hannun Kawu Clarrie ya daɗe bai sake ba, sannan ya ce, "Kawu, shekara arba'in ina roƙonta ta bar ni in ji sharhin wasa ko sau ɗaya ba ta sa baki ba. Jiya na kunna, na ji shi tsaf daga farko. Ban kai hutun shayi ba na kashe."

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙan Uwargida Glenys Harrigan, ya ba ta hutawa, ya saka mata da alherin da ta yi mana a fili da wajen fili. Ya ba maigidanta da 'yarta da jikokinta da dukkan masoyanta haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, ya kuma sa mu iya riƙe abin da ta bar mana.

Sa hannu,

Warwick Zischke
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Kwamitin Amintattu
Kulob ɗin Kurket na Tindal Flat, Queensland