Kaskon Gaske a Kan Mijina

Tía Cuca,

Ke da kike ba mutane shawara a jarida, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai kai ni kurkuku. A teburin kicin nake rubuto miki, ga ƙarfen kwance taya a gefena, kuma ba taya zan kwance da shi ba. Hannun mutum nake so in karya, hannun dama. Mutumin kuwa compadre ɗina ne, shi ya riƙe 'yata Marisela a coci ranar baftismarta.

Na sauya sunansa da na mijina, amma na san za ki gane su, don babu yaron da bai haddace faya-fayansu ba a nan East L.A. Mijina zan kira shi Layo, abokin wasansa kuma, wato compadre ɗin nawa, Fermín. Su ne masu barkwancin nan na 'yan wiwi. Layo shi ne wawan da hayaƙi ya cinye wa ƙwaƙwalwa, wanda yake neman motarsa alhali yana zaune a cikinta. Fermín shi ne mai bakin tsiya, wanda yake kwaɗa masa kasko a ka don ya dawo hayyacinsa. Wannan kaskon shi ne abin da mutane suke biyan kuɗi su gani.

Ina tare da su tun suna wasa a ƙananan mashaya na titin Whittier, ana sallamarsu da giya da tacos, naman nan da ake naɗewa a waina. Lokacin faifai babu wanda yake shan wahala. Ni da kaina nake kai musu kaskon ƙarfe na mahaifiyata, wanda take gasa tortilla, wainar masararmu, a kai, da ƙaton kabeji. Fermín ya maka wa kabejin kasko a gaban makirfo, Layo ya kurma ihu daga can gefe yana cin gyaɗa. In an tashi, in kwashe kabejin in yi mana miya. Wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar wancan lokacin ba.

Fim ne ya kawo mana masifa, tunda a fim dole ido ya gani. A na farko kaskon roba aka yi amfani da shi. A na biyu darakta ya ce robar tana lanƙwasa kamar kunnen jaki, kuma Layo yana runtse ido tun kafin duka ya sauka. Sai Fermín ya musanya robar da na ƙarfe ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ina wurin, Tía. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Layo ya zube, jini yana bin wuyansa, ma'aikata suna tafi, darakta yana dariya har da hawaye. Wannan faɗuwar ce suka sa a tallan fim ɗin. Tun daga ranar kaskon gaske ya zama doka, wai za a riƙa bugawa a hankali.

A hankalin ƙaniya! Tun da aka fara sa sunan Layo a gaban na Fermín a allon sinima, jaridu kuma suka ce fuskar Layo ce take ɗauke da fim ɗin, hannun compadre ya ƙara nauyi. Ya fasa masa hanci. Ya zubar masa da haƙora biyu. Akwai ranar da na wanke jini daga kunnensa na hagu har tawul ya rine. In na yi magana, Layo ya ce aiki ne.

Daga nan ya fara mantuwa ta gaske. Ya kai Marisela coci ya dawo gida ba ita. Ya tsaya a bakin layinmu ya rasa wane ne gidansa. Kuma babu wanda ya damu, don kowa ya ɗauka wiwi ce. A kanti samari su yi masa ihu, "Layo, ina motarka?" har wani ya miƙo hannu ya talle masa ƙeya, shi kuma ya yi musu wannan murmushin nasa na wawa. Abin da ke ƙona mini rai, mutumin nan ya daina shan hayaƙi tun da aka haifi Marisela da asma. Busasshen ganyen miya suke ƙonawa a fim. Likitan farko da muka je wurinsa, sai da Layo ya sa masa hannu a kwalin faifai, sannan ya ce masa ya rage busa. Saura kaɗan in kifa masa teburinsa.

Likita ta biyu, wata dattijuwa da ba ta kallon irin finafinansu, ita ta sa aka ɗauki hoton kansa. Ta ce kunnen hagu ya mutu, ba zai dawo ba. Ta ce akwai tsohon jini kwance a cikin kan, kuma duka ɗaya mai ƙarfi zai iya kashe shi ko ya mayar da shi sai an ba shi abinci a baki. A mota Layo ya sa na rantse da Uwargida Maryamu mai tsarki cewa ba zan gaya wa Fermín ba. Ya ce, "In ba a doke ni ba wa zai yi dariya, vieja, 'yar tsohuwata? Ni fa ban iya komai ba sai faɗuwa." Na rantse masa, don kuka yake yi.

Ranar Lahadin da ta wuce muna gasa nama a bayan gida, Layo ya ƙona nasa. Fermín ya zo ta baya ya zabga masa tafin hannu a ƙeya, kamar yadda suka saba. Layo ya durƙushe. Da ya ɗago, sai ya dubi Marisela, yarinyar da ya goya, ya tambaye ni 'yar wace ce wannan. Duk wurin aka kwashe da dariya, an ɗauka wasa ne. Marisela kaɗai ba ta yi dariya ba.

Ban san lokacin da na wurga kwalbar da ke hannuna ba. Ta tsaga wa Fermín gira, jini ya rufe masa ido. Yana dafe da fuska yana cewa, "Comadre, uwar 'yar baftismata, kin haukace ne? Wasa ne fa! Shekara nawa ina dukan ƙaton kan nan, ko tsagewa bai yi ba!" Yayyena maza biyu suka yi kansa, suka haɗa shi da katanga, sai da maƙwabta suka ɓamɓare su. Ni kuma na fita waje na ragargaje gilasan motarsa Impala ɗaya bayan ɗaya, har fitilun ban bari ba. Ban yi nadama ba, kuma hankalina bai kwanta ba.

Farkon wata mai zuwa za su fara sabon fim, kuma Layo ya riga ya sa hannu. A ƙarshen labarin Fermín zai bi shi da kasko a cikin kicin ɗin gidan abinci. Na yi ta magana da Layo a gado, ina roƙonsa, ina zaginsa, ko motsi ba ya yi. Na lissafa, in hannun Fermín ya shiga filasta, fim ya tsaya. Yayyena sun ce su za su danne shi, ni in buga. Ban karya rantsuwata ba, mijina kuma ya tsira. Ki gaya mini inda kuskure yake a wannan lissafin, don ni ban gan shi ba.

Matar Wawan Fim, Boyle Heights

*

'Yata,

Ki fara mayar da ƙarfen nan cikin but ɗin mota, sannan ki karanta sauran.

Ga kuskuren lissafinki. Hannu yana warkewa cikin 'yan makonni, a dawo a ɗauki kasko. Ko kuma masu fim su ɗauko wani ƙato ya maye gurbin Fermín, wanda bai taɓa cin miyar kabejinki ba. Ke kuma a lokacin kina tsare, yayyenki suna tsare, Marisela ta rage da uban da wani lokaci ba ya gane ta. Kin ga duka ya yi wa gidanki ɓarnar da ta isa. Kada ki ƙara wani da hannunki.

Fushinki yana kan hanya, ban ga laifinki a kansa ba. Musanya kaskon da Fermín ya yi a ɓoye mugunta ce, kuma na yarda da ke cewa hassada ta shiga hannunsa. Amma ki dubi abin ta wajensa. Abin da ya sani shi ne ya yi wasan da suka shafe shekaru suna yi, sai comadre ɗinsa ta fasa masa gira. Bai ga hoton kan ba. Shi ma, kamar likitan farko da samarin kanti, yana kallon mara lafiya yana ganin ɗan wasa. Ba za ki san ko shi mugu ne ko jahili ba sai kin sa gaskiya a gabansa.

Rantsuwar nan kuwa, ki je wurin fada, limamin cocinku, ki tambaye shi in kina so, amma na san amsarsa. Mutumin da jini ke kwance a kansa, tsoro ya cika shi, shi ya karɓi alkawarin. Uwargida Maryamu ba ta neman ki rufe baki har ki zama gwauruwa.

Ki gaya wa Layo cewa za ki faɗa, kada ki yi a bayan idonsa. Sannan ki je gidan Fermín da rana, ba tare da yayyenki ba, ba komai a hannunki. Ki nemi gafarar girar da gilasan, ko da ranki ba ya so. Kada ki kira shi a matsayin abokin wasan mijinki. Ki kira shi a matsayin wanda ya tsaya gaban bagadi ya ɗauki nauyin Marisela, ki ce ya raka ku wurin dattijuwar likitan nan ya ji da kunnensa. In ya ji ya ajiye kasko, kin sami abokin yaƙi. In ya ji ya ce a ci gaba, ki kai takardar likita ofishin masu fim. Ba sa kunna kyamara sai inshora ta amince da lafiyar ɗan wasa, kuma babu inshorar da za ta amince da wannan kan.

Layo ya ce bai iya komai ba sai faɗuwa. Ki tuna masa cewa garin nan ya haddace muryarsa tun lokacin da kabeji ne yake shan dukan, shi yana gefe yana cin gyaɗa. Faifai bai mutu ba, kabeji kuma bai yi tsada ba.

Abu na ƙarshe. Kin ce kina roƙonsa a gado ba ya ko motsi. Wane gefe kike kwanciya, 'yata? In ta hagunsa ne, to duk kukan nan naki a mataccen kunne kike zuba shi. Ki zagaya ta damansa, ki riƙe hannunsa, ki faɗa masa a hankali cewa ke da Marisela kuna son shi ko babu mai dariya. Ki yi yau, tun yana gane wace ce take magana.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Tía Cuca