Tattabarun Baba Sun Dawo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Ya ƙafar autarku, ta warke? Allah ya ƙara sauƙi.

Na so in kira ka a waya, amma ka san kunnen Baba, ko raɗa na yi a kicin sai ya ji.

Yaya, jikin Baba ya ƙi daɗi, kuma hankalina a tashe yake. Tun da gwajin asibiti ya nuna ƙirjinsa ba ya jituwa da gashin tattabaru da ƙurar kashinsu, ka zo ka kwashe su ka kai wa abokinka, ni ma na goyi bayanka. Na wanke saman bene tas, na canja labule, har tsohuwar rigar da yake hawa wajensu da ita na jefar. Na ɗauka mun rabu da asma ke nan.

Da farko kam ya samu sauƙi, tarin ya ragu. Daga nan sai ya rage magana. Da la'asar, lokacin da ya saba watsa musu hatsi, sai ya zauna a gindin matakala ya zuba wa ƙofar bene ido. Shekaranjiya a nan numfashinsa ya sarƙe. Ƙirjinsa yana fito, leɓɓansa suka canja launi, ni kuma garin sauri maganin shaƙarsa ya suɓuce mini ya shige ƙarƙashin kujera. A ranar babu tsuntsu ko ɗaya a gidan nan, Yaya, ko gashinsa babu.

A asibiti likitar ta tambaye shi ko wani abu na damunsa, ya ce ba komai. Ni ce na gaya mata tun rasuwar Mama tattabarun nan ne abokan hirarsa. Ta ce gwajin bai yi ƙarya ba, gashin yana kumbura masa hanyoyin numfashi, amma damuwa ma tana iya tayar da ciwon. Na ce to wanne za mu guje wa? Ta ce duka biyun.

A hanyar dawowa ya ce mini, "Kun gyara mini huhu, kun mayar mini da gida kango."

Yau da safe ina shanya a sama sai ga biyu daga cikin tattabarun sun sauka, farar nan mai ɗingishi da mijinta. Na ɗaga tsintsiya zan kore su, sai na hango Baba a tsakar gida yana dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta. Dariyar ta koma tari, yana tarin yana ɗaga mini hannu wai in ƙyale su. Na sauke tsintsiyar.

Yanzu suna sama, shi yana ƙasa. Na kulle ƙofar benen, makullin yana jikina, kuma ya fara tambayata inda na ajiye hatsin. Ban san har yaushe zan iya ce masa a'a ba. Don Allah ka zo ranar hutunka, amma kada ka zo da faɗa.

Ka gaida Anti da yara.

Taka,
Ƙanwarka