Wutar Mama ta Sama

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Ki bar taurin kai ki sha maganin nan. Mu dai lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Yaya, ana ƙwace mini ƴa ina ji ina gani. Kin tuna matar da ta tare a samanmu, wadda ke zaune ita kaɗai? To, Auta ta koma can da zama. Daga makaranta ko jaka ba ta ajiyewa, sai ta haye bene. Can akwai fanka, akwai talabijin, akwai ruwa mai ƙanƙara. Ni kuwa lallaɓa katin mitata nake kamar ƙwai, sai na kashe firji kafin in kunna keken ɗinki. Har suna Auta ta raɗa mata, wai Mama ta Sama. Ni da na sha naƙuda na zama Mama ta Ƙasa ke nan? Jiya ta sauko da sabon kitso, wai hannun matar ba shi da zafi kamar nawa. Wallahi kamar ta watsa mini garwashi.

Amma ga babbar magana. Ina share ƙarƙashin matakala, wajen akwatin mitoci, sai na ji ƙaurin roba. Ina leƙawa na ga baƙar waya naɗe da salatif, ta tsallake mitar matar, ta bi bututun ruwa ta shige tagarta. Na kai hannu kusa, zafi zau! Matakalar nan kuwa ita kaɗai ce hanyar fita. In ta kama da wuta, ta ina Auta za ta sauko?

Na hau na yi wa matar magana. Ta yi dariya, wai kowa na yi, ta miƙo mini ruwan sanyi. Ban sha ba.

Na san za ki ce kishi ne. E, kishi ne, ban musa ba. Amma wayar ma ba ƙarya ba ce.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Maman Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ni kam jikina lau, zuciyar ce ba lau ba.

Na gaya wa mai kula da gidan, ya kira ma'aikatan wuta. Da suka kwance salatif ɗin, wayar ta narke har ta manne da katako. Babbansu ya ce Allah ne kawai ya tsare mu. Suka yanke wa matar wuta gaba ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi ya kama ni. Na sayi katin wuta mai kauri, na kunna fanka da firji lokaci guda, na dafa abin da Auta ta fi so, na zauna jira.

Ashe tun a bakin ƙofa ƴan tsegumi sun fesa wa Auta wanda ya kai ƙara. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalli abincin ba. Ana kiran magariba ta ɗauki fitilar cajinmu, ita ke nan gare mu, ta haɗa da maficina. Na tare ƙofa na ce ga wuta a ɗakin uwarta. Ta ce ni ina da haske, Mama ta Sama ba ta da kowa. Yaya, sai na tsinci kaina na matsa mata.

Ƴata ba za ta ƙone ba, alhamdulillahi. Amma ga ni ƙarƙashin fanka ni kaɗai, ina jiyo dariyarsu daga sama, cikin zafi. Ashe ba don fanka take hawa ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Maman Auta