Takalmin Hagu na Lauya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara, da kuma wannan kunnen naka da injin goge takalmi ya cinye. Sau uku na kira ka jiya, ina ta ihu kana ta "Wa ke magana?" har maƙwabta suka leƙo. Shi ya sa na koma takarda.

Ga takalmin 'yarka Lauya nan a leda na ba direba, tunda sun samu hutun mako guda. Ka duba na hagun da kyau. Kusan wata biyu ke nan tana dawowa daga makaranta tana dafe da ƙugu, ɗingishin ya ƙaru, kullum da yamma sai na gasa mata da ruwan zafi. Ka san ƙafar hagun ta gaza ta dama da yatsa biyu tun karayar da ta yi tana ƙarama, kuma likita ya ja mana kunne cewa in ta daɗe tana tafiya a karkace bayanta zai lanƙwashe. Hankalina ya tashi, wallahi. Ko dai tudun da ka sa mata ya cinye, ko kuma tsufa ya fara kama hannunka.

Ga wani ɓacin ran. An kawo musu sabuwar malama mai kula da ɗa'a, tana tsayawa a bakin ƙofa da rula a hannu. Takalmi baƙi, mai igiya, kaurin ƙasansa kada ya wuce yatsa biyu. Safa fara sol. Na Lauya ruwan ƙasa ne, na hagun kuma yatsa uku, sai matar nan ta sa ta durƙusa a bakin ƙofa tun makon farko! Na ɗauki mayafi zan je, yarinyar ta riƙe ni, ta ce ta riga ta yi wa Malama bayani, an ce ba komai. Ka san bakinta, ba banza muke ce mata Lauya ba, sai na haƙura.

Amma a taron iyaye ban haƙura ba. Wani mai kantin magani ya tashi yana ta yabon dokar, wai 'yarsa ta daina ɓata awa guda gaban madubi. Wata kuma ta ce an koro tata saboda ɗan layi shuɗi a bakin safa. Na miƙe na ce, karatu muka kawo su ko fareti? Rabin ɗakin ya tafa min, rabi ya harare ni.

Ka gyara ka dawo da shi kafin Lahadi. A gaida kowa.

Ƙanwarka

*

Barkono,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Antinki na gaishe ki. Na ga har yanzu sunan da na sa miki tun kina yarinya bai tashi a banza ba. Allah ya jiƙan mai kantin magani, ko da yake na ji bai mutu ba tukuna.

Maganar doka, ni ina bayan Malama mai rula, ki yi fushin da za ki yi. Shekara talatin ina ganin abin da yara ke kawo min a shago, wani takalmin sai ka rantse tsani ne. In ba a tsaya musu ba, gobe gasar ƙafa za a koma yi a aji, mai shi ya taka marar shi. Durƙuson ne kawai bai min daɗi ba, a bakin ƙofa kuma, gaban masu wucewa.

To yanzu zauna ki karanta wannan a hankali. Takalmin nan lafiyarsa ƙalau. Lafiyar ma ta yi yawa. Duk robar da na manna a ƙasan takalmi nakan ja mata layi uku da wuƙa saboda santsi, kuma yaron da ke zuwa makaranta a ƙafa kullum yakan shafe su cikin wata biyu. Wata uku ke nan da na sa wa Lauya sabuwa, ga layukana nan suna kallona. Na zura hannu ciki, na zaro ɓarɓashin fensir da wata 'yar takarda mai lissafi, ga kuma ɗigon tawada a kan harshen. Ƙafa ba ta kawo irin wannan. Takalmin nan a jakar makaranta yake wuni.

Hannuna bai tsufa ba ke nan, kin ji. Yarinyar ce ba ta sawa, kuma shi ne ciwon ƙugun.

Don Allah kada ki far mata da faɗa. Ki tambaye ta kamar mutum, ki bar ta ta kai ƙarshen magana, abin da ba ki taɓa yi min ba. Na goge takalmin na mayar, direba zai kawo ranar Asabar.

Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ka yi gaskiya, kuma haushin hakan nake ji.

Ranar Litinin na ce a kamfani ina da uzuri, na bar sauran suna ta jera sabulu a kwali, na bi bayanta daga nesa. Ta fita da takalminka tsaf. Tana kaiwa bayan shagon mai faci a kwanar titi, sai ta zauna kan tsohuwar taya, ta zaro wani baƙin takalmi shafal, marar tudu, daga jaka, na wata ƙawarta da ya yi mata kaɗan, ta sa, ta cusa naka ciki. Na tsaya ina kallon yadda take tafiya, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, tana ƙoƙarin miƙewa. Yaya, hawaye na yi a tsakiyar titi.

Ban yi mata faɗa ba, ka ji. Ban kuma tambaye ta ba, don na san amsar: tsoron matar nan ne. Na koma gida na rubuta wa Malama takarda shafi biyu, na haɗa da ta likita, na kai da hannuna na ba mai gadi. Na gaya mata in bayan 'yata ya lanƙwashe, ita da rularta za su amsa tambaya, kuma in ba a ɗaga mata dokar ba zan cire ta daga makarantar. Kada ka ce min komai.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga mahaifiyar ɗalibarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karɓi takardarki tare da ta likita, na kuma karanta duka biyun sau biyu.

Ina so ki sani ban san da lalurar ƙafarta ba. Ranar da na tsayar da ita na tambaye ta dalilin wannan takalmi, a gaban 'yan ajinsu ta ce min gayu ne kawai. A kan wannan amsa na hukunta ta. Ba ta taɓa zuwa ta yi min wani bayani ba. Washegari ta zo da baƙin takalmi, na yaba mata, har na nuna ta a matsayin misali. Ina ganin ɗingishin, na ɗauka takalmin ne ke matsa mata. Wannan sakacina ne, kuma ina neman afuwarki. Bai kamata in yi wa yarinya irin wannan tambaya a cikin taro ba, kuma daga yau duk wadda na tsayar, ofis zan kai ta mu yi magana mu biyu kafin komai.

Dokar kuwa ba zan janye ta ba. Kafin a kafa ta, akwai yaran da suka daina zuwa saboda ana yi wa abin da suke sawa dariya. Amma lafiya tana gaba da doka. Ga katin izini nan na sa hannu, ta riƙa nuna wa masu duba layi a bakin ƙofa kowace safiya, ta shiga da takalminta.

Ina roƙon kada ki cire ta. Tana cikin yaran da malami ke jin daɗin shiga ajinsu, duk da yawan gardamarta.

Na gode.
Malama mai kula da ɗa'a

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ga takardar Malama nan na haɗo maka ka karanta. Matar ashe tana da mutunci, na ji kunyar shafi na biyu na tawa.

Na shigo gida da katin ina rawar jiki, na ce, "Lauya, mun ci shari'a!" Ta karɓa ta duba, ta ajiye a kan tebur, ta ce ba za ta riƙe ba. Na buɗe baki zan fara, sai na tuna maganarka, na zauna na yi shiru. Ka rubuta ranar a bangon shagonka.

Ta ce, "Mama, ni ba tsoron Malama nake ba. Ni ina son dokar." Ta ce a tsohuwar makarantarsu duk wanda ya gan ta ƙafarta yake fara kallo kafin fuskarta, har akwai masu ce mata Mai Bene. A nan kuwa, ranar da ta sa baƙin takalmi ta shiga layi, ta duba ƙasa ta ga ƙafafu ɗari iri ɗaya, ita kanta sai da ta nemi nata. Ta ce ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba. "Yanzu ki ce kullum in tsaya a ƙofa in ɗaga kati, kowa ya juyo ya ga dalili? Gara ƙugun ya yi ta ciwo." Tana faɗa tana kuka, ni ma na taya ta.

Na yi ta yaƙi a kan a ware ta, ita kuma abin da take gudu ke nan. Shekara da shekaru ina goge mata irin wannan takalmin ruwan ƙasa ina jin daɗin kyansa, ban taɓa tambayarta yadda take ji a cikinsa ba.

Yanzu na rasa yadda zan yi. Ba zan bar ta ta koma wa shafal ɗin ba, na ɓoye shi ma. Ta yarda ta sa naka da katin na ɗan lokaci don na roƙe ta, amma jiya ko abincin safe ba ta taɓa ba. Ka ba ni shawara, wannan karon zan ji.

Ƙanwarka

*

Barkono,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki a shago, sai da na kashe injin na zauna.

Laifina ya fi naki. Fatar nan ruwan ƙasa ita ce mafi kyau da na taɓa samu, na ce sai 'yata. Na yi tudun a waje, na goge shi yana sheƙi, don duk wanda ya gani ya san aikin gwani ne. Kaina na yi wa takalmin, yarinya ta yi ta ɗauka.

Na sake karanta dokar Malama. Ta ce ƙasan takalmi kada ya wuce yatsa biyu. Ba ta ce komai a kan cikinsa ba. To ga abin da zan yi. Duka biyun baƙaƙe, masu igiya, ƙasan kowanne yatsa biyu cif in an auna daga waje. Na daman zan rarake cikin robar, ƙafar ta nutse ta zauna a kan yatsa ɗaya. Na hagun zan bar shi cike, in ƙara yatsa ɗaya a ciki ƙarƙashin shimfiɗa, ya zama uku. Bambancin yatsa biyu ya fita, ido kuma ba zai gani ba. Sai dai bayan zai ɗan yi tsawo zuwa idon sawu don ya riƙe dunduniya, saboda haka ki je ki tambayi Malama ko hakan ya halatta. Ki je da ƙafarki, ban ce ki rubuta ba.

Ban taɓa yin irinsa ba, na ɓata roba biyu jiya ina gwaji. Ki tsayar da Lauya a kan takarda ki zana min ƙafafun biyu, fensirin a miƙe, ta girma tun awon bara. In takalmin ya iso, ku fara kai wa likita ya duba tafiyarta kafin makaranta.

Ki ce mata Kawu ya ce ta yafe masa benen.

Yayanki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Anti da yara. Mama ta ce in rubuta da kaina tunda ba ka jin waya.

Takalmin ya zo. Likita ya sa na yi tafiya daga ƙofa zuwa taga sau uku, ya ce wa ya yi wannan, na ce Kawuna. Ƙugun ya daina ciwo, sai in na yi gudu sosai.

Ranar Litinin na shiga layi ba kati. Malama ta sunkuya ta ɗora rula a na dama, ta ɗora a na hagu, ta ce "Wuce," ko ɗago kai ba ta yi ba. Ba wanda ya juyo. Na gode, Kawu. Na yafe benen.

Amma ranar Laraba an kama mu mu shida muna surutu a layi, aka sa mu share aji har da goge tagogi. Ni ce na fara surutun. Mama ta ji, ta ɗauko biro da takarda wai me ya sa za a sa mai ciwon ƙafa shara. Don Allah ka gaya mata ta bari. Tsintsiya iri ɗaya aka ba mu duka.

'Yarka,
Lauya